Shekara 21 ina aikin katalog, yau ina ɓoye cewa ban iya sabuwar manhajar ba

Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar ɗakin karatu ce a wata jami'a. Shekaruna 49, kuma shekara 21 ke nan ina sashen katalog, inda ake rubuta bayanan littattafai a tsara su don masu nema. Shekara biyu da suka wuce aka mayar da aikinmu kan manhajar Koha. An yi mana bita ta kwana uku, an ba mu satifiket, amma ko mako ba a rufa ba komai ya zube mini. Tun daga nan sai in rubuta bayanan littafi a takarda, wani matashi da ni na koya masa aiki ya shigar mini a kwamfuta. Shugabanmu bai sani ba, yana zaton ni nake shigarwa. Yanzu duk bitar da ta taso yaron ake turawa. An tsallake ni a ƙarin girma, an rubuta cewa ina buƙatar ƙarin horo. Kwanan baya wata ɗalibar digiri na biyu ta tambaye ni yadda za ta tsara madogaran bincikenta da manhajar Zotero, na ce ta dawo gobe, washegari na ƙi zama a teburina don kada ta same ni. Kunyar tambaya nake ji. Ina tunanin ko in yi ritaya tun lokaci bai yi ba, ko in tara kuɗi in biya wani kwas mai tsada na wata shida da na gani a intanet. Don Allah a ba ni shawara.

Mai neman mafita

Wa alaikumus salam, Malama.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai a wasiƙarki shi ne ranar nan da kika ƙi zama a teburinki. Wanda bai damu da aikinsa ba ba ya gudun ɗalibi, duk abin da ya zo bakinsa sai ya faɗa masa ya sallame shi. Ke kin kauce ne domin ba ki saba ba mutum amsar da ba ki da tabbas a kanta ba, kuma irin wannan ma'aikaciya ɗakin karatu yana buƙatarta. Saboda haka maganar ritaya ki jingine ta tukuna. Kuɗin kwas ɗin ma ki riƙe abinki, zan dawo kansa.

Amma bari in fara da maganar da ba za ta yi miki daɗi ba, domin idan na tsallake ta na cuce ki. Rashin iya Koha ƙaramar matsala ce, 'yan makonni sun isa a gama da ita. Babbar matsalar ita ce ɓoyon da kika yi shekara biyu kina yi. Dubi abin da ya jawo. Kowane littafin da kika rubuta a takarda kika miƙa wa yaron nan darasi ne da ya wuce ki, kuma a shekara biyu littattafai nawa ke nan? Da da hannunki kika shigar da ko rabinsu, da yanzu ke ce mai koya wa wasu. Shi kuma yaron kin ɗora masa kaya biyu, aikinki a kan nasa, ga nauyin riƙe sirri, alhali ba zai iya buɗe baki ya ce miki ya gaji ba saboda ke ce kika raine shi a aikin. Shugabanku yana yanke hukunci a kanki da hoton da ba na gaskiya ba, don haka ko yana da niyyar taimaka miki bai san inda ciwon yake ba. Sannan ga ɗalibar da ta zo da buƙata ta koma hannu rabbana. Na san ba da mugun nufi kika yi ba, kunya ce, kuma kunya halin kirki ce a wurinta. A nan kam ta zama sarƙa a ƙafarki.

Ki daina ɗaukar bitar kwana ukun nan a matsayin shaidar cewa kanki ya daina ɗauka. Na san irin wannan bita sarai. Mutum ɗaya ne a gaba yana danne-danne, kowa yana kallon bango inda aka haska masa, ana tafiya da gudun wanda ya fi kowa sauri a ajin, misalan da ake bayarwa kuma na littattafan da aka ƙaga ne, ba irin masu wuyar sha'anin da ke kan teburinki ba. Sau da yawa ma ana yin ta ne tun kafin manhajar ta fara aiki a ofis, sai mutum ya koma ya yi makonni bai taɓa ta ba. Ko ɗan shekara 25 aka yi wa haka zai manta. Aikin manhaja ilmin hannu ne, kamar tuƙin mota, kuma babu wanda ya taɓa iya tuƙi don ya zauna kwana uku a gefen direba. Yaron da ake cewa ya san kwamfuta, abin da ya fi ki da shi kawai shi ne ya yi ta dannawa yana kuskure yana gyarawa ba tare da jin cewa girmansa zai zube ba. Ki lura ma, rabin ƙwarewar da yake da ita a Koha da littattafanki ya same ta.

Yanzu ga abin da nake so ki zauna ki yi tunani a kansa sosai. Shafin katalog na Koha da yake ba ki tsoro, katin katalog ne aka yayyanka shi aka sa kowane yanki a akwatinsa mai lamba. Tsarin ana kiransa MARC, kuma ya girmi yaron naki nesa ba kusa ba. Wata mata ce mai suna Henriette Avram ta jagoranci ƙirƙiro shi a ɗakin karatun majalisar dokokin Amurka. Ta shiga wurin a 1965 tana da shekara 45, masaniyar kwamfuta ce, ba ta yi karatun aikin laburare ba, sai da ta zauna ta fahimci katin katalog ciki da bai kafin ta iya koya wa na'ura karanta shi. Zuwa 1968 tsarin ya tsaya da ƙafafunsa. Wato mai kwamfuta ce ta zo ta koyi aikinki, sannan ta gina abin a kan iliminki. Akwati na 100 sunan marubuci ne. Na 245 sunan littafi da bayanin wanda ya rubuta. Na 260, ko 264 a sabuwar ƙa'idar katalog ta RDA, wurin bugu da kamfanin ɗab'i da shekara. Na 300 yawan shafuka da tsayin littafi. Na 650 maudu'i, na 082 lambar rarraba littattafai ta tsarin Dewey, na 050 lambar tsarin ɗakin karatun majalisar dokokin Amurka, na 020 kuma ISBN, wato lambar shaidar littafi. A Koha, bayanin kwafin da ke kan kanta yana shiga ne a 952. Gaya mini, a cikin waɗannan wanne ne ba ki sani ba? Su ne fa kike rubutawa a takarda kullum.

Mai wuyar a aikin katalog shi ne hukunci: littafin da mutum huɗu suka rubuta da sunan wa zai shiga, wannan bugu na biyu ne na gaskiya ko sake bugawa ce kawai, littafin da ya haɗa tattalin arziki da aikin gona a wace kanta mai nema zai fi samunsa. Wannan shi ne abin da ake shekaru ana koyo, kuma yana hannunki. Abin da ya rage miki shi ne sanin inda ake dannawa, da yadda ake adanawa, da yadda ake janyo bayanin littafi daga wani ɗakin karatu ta hanyar musayar bayanai da ake kira Z39.50 a gyara shi maimakon a fara daga farko. Ita Koha ɗin ma ba wani dodo ba ce. An rubuta ta a 1999 domin wani ƙaramin rukunin ɗakunan karatu na Horowhenua a ƙasar Niyu Zilan, waɗanda tsohuwar manhajarsu ke fuskantar matsalar shigowar shekarar 2000, aka sake ta kyauta ga kowa. Sunan ma a harshen Mawori kyauta yake nufi. Ma'aikatan laburare irinki ne suka yi ta amfani da ita suna faɗin abin da za a gyara har ta kai inda take yau.

To ta ina za a fara? Ta wurin yaron nan. Ki kira shi gefe, inda babu kowa, ki yi masa magana a fili. Ki ce masa: ka ɗauke mini nauyi shekara biyu, na gode, Allah ya saka da alheri, amma daga yau ni zan riƙa shigarwa da hannuna, abin da nake so kawai ka zauna kusa da ni rabin awa kowace safiya. Sharaɗi ɗaya za ki kafa masa, kuma kada ki sassauta: hannunsa ba zai taɓa madannai ko linzamin kwamfutar ba. Da baki zai faɗa, ke ki danna. Masu saurin hannu suna da wata ɗabi'a, da sun ga mutum ya tsaya sai su ce kawo in nuna miki, kafin ki ƙifta ido sun gama, ke kuma ba ki ga komai ba. Ba da gangan suke yi ba, tausayi ne, amma shi ne ke hana mutum koyo. Ki ajiye littafin rubutu a gefenki, ki riƙa rubuta matakan da kalmominki, yadda ke za ki gane, ba yadda takardar bita ta tsara su ba. Littafi ɗaya a rana ya isa a makon farko. A mako na biyu ki shigar ke kaɗai, shi ya duba daga baya. Idan tsoron ɓata bayanan ɗakin karatu ne ke riƙe miki hannu, ki tambayi mai kula da manhajar ko akwai ta gwaji, in babu kuma akwai shafukan gwaji na Koha a intanet da aka buɗe don kowa ya shiga ya yi kuskurensa ba tare da ya ɓata wa kowa aiki ba.

Kuma kada ki je masa a matsayin mai roƙo, domin kina da abin bayarwa. Ina kyautata zaton yaron nan, duk saurinsa, idan aka ba shi kundin taron ƙara wa juna sani mai editoci uku da sunan ƙungiya a kai, zai tsaya yana kallonsa. Bitocin da ake tura shi suna koya masa manhaja, ba sa koya masa zaɓen maudu'i ko daidaita sunayen marubuta. Ki ce masa rabin awa nasa, rabin awa naki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma girman da kike tsoron zubewarsa a idonsa, wallahi ƙaruwa zai yi. Ban taɓa ganin ƙaramin ma'aikaci ya raina babba don ya ce koya mini ba. Wanda ake rainawa a bayan ido shi ne wanda kowa ya san bai iya ba amma yana nuna ya iya, kuma ki yarda da ni, a ofis irin wannan sirri ba ya daɗewa a rufe kamar yadda mai shi yake zato.

Ɗalibar nan kuma, ki neme ta. Zotero kyauta ce, an fito da ita a 2006 daga jami'ar George Mason a Amurka, kuma yamma ɗaya ta ishe ki ki kama kanta. Ki sauke ta a kwamfutarki, ki haɗa ta da manhajar da kike shiga intanet da ita, ki tara maƙaloli biyar a ciki, ki buɗe Word ki gwada saka madogara a cikin rubutu, sannan ki sauya salon rubuta madogara daga APA zuwa wani ki ga yadda jerin yake sauyawa da kansa. Za ki lura da wani abu nan take: sau da yawa bayanan da take janyowa suna zuwa da kurakurai, sunan marubuci a juye, shekara babu, sunan mujalla a gajarce. Ɗalibi ba zai gani ba, idonki kuwa a kansu zai fara sauka. Idan kin same ta ki ce mata ranar nan ban iya ba ne, yanzu na koya, zo mu zauna. Daga yau kuma ki saba wa bakinki da cewa ban sani ba, amma zo mu duba tare. Babu ma'aikacin laburare a duniya da ya san duk rumbunan bayanai da duk manhajoji, aikin dama neman amsa ne tare da mai tambaya.

Bayan kamar mako shida, lokacin da kika shigar da littattafai masu ɗan yawa da hannunki, ki nemi ganin shugabanku. Na so a ce tun farko kin gaya masa, amma tunda an kai nan, gara ki shiga da gaskiya a hannu ɗaya da gyara a ɗaya hannun. Ki faɗa masa yadda abin ya kasance ba tare da dogon ban-haƙuri ba, ki wanke yaron daga laifi, ki ma yaba masa a gaban shugaban domin ya cancanta, sannan ki nuna abin da kika yi a makonnin nan. Mai yiwuwa ransa ya ɓaci na ɗan lokaci. Wannan ya fi a ce daga bakin wani ya ji.

A wannan zaman ne za ki nemi haƙƙinki, domin ba ke kaɗai ke da laifi a wannan labari ba. Hukumar da ta sauya wa ma'aikata kayan aiki, ta ba su kwana uku, ta juya baya, sannan bayan shekara biyu ta rubuta cewa suna buƙatar ƙarin horo alhali duk horon da ya taso mutum ɗaya take turawa, ita ma ta gaza. Tura wanda ya riga ya iya yana da sauƙi ga shugaba, amma yana mayar da ɗakin karatu gida mai ginshiƙi ɗaya, ranar da yaron ya samu wani aiki ya tafi kowa zai gane kurensa. Sai dai kada ki je da ƙorafin an hana ni tafiya bita, domin kunnen shugabanni ya saba jin wannan a matsayin neman alawus. Ki nemi lokaci. Ƙungiyar ɗakunan karatu ta duniya, IFLA, wadda aka kafa a 1927, ta fitar da jagora kan ci gaban ma'aikata a 2016, inda ta ba da shawarar a ware wa ƙwararren ma'aikaci kusan kashi 10 cikin 100 na lokacin aikinsa domin ƙaro ilmi. A makon aiki na awa 40, awa huɗu ke nan. Ko biyu aka ba ki a rubuce, waɗanda ba mai kiranki wani aiki a cikinsu, sun fi miki bitar otal sau goma. Ki kuma kawo shawarar cewa duk wanda aka tura horo, idan ya dawo ya tara abokan aiki ya koyar da su a gaban kwamfuta, kuma a riƙa karɓa-karɓa wajen turawa.

Akwai wani tsari da nake so ki ambata masa, domin ba ya cin kuɗi. A 2006 wata ma'aikaciyar laburare mai suna Helene Blowers, a ɗakin karatun jama'a na Charlotte a Amurka, ta tsara wa abokan aikinta ƙananan ayyuka 23 na fasahar intanet, kowa ya yi su ɗaya bayan ɗaya da gudun kansa, ya rubuta abin da ya koya. Ɗakunan karatu da yawa a ƙasashe daban-daban sun kwaikwayi tsarin, har da na jami'o'i. Abin da ya sa ya karɓu shi ne kowa yana koyo a bainar jama'a, babba da yaro, sai kunyar ta mutu. Ina da yaƙinin ba ke kaɗai ba ce a ɗakin karatunku mai ɓoye irin wannan rauni. Idan kika fara fitowa fili, za ki sha mamakin waɗanda za su biyo ki.

Mu dawo kan kwas ɗin wata shida. Ban ce kwas na kuɗi duk banza ba ne, amma mutumin da ke cikin tsoro shi ne ya fi saurin sayen abin da ba ya buƙata, kuma masu tallar kwasa-kwasai sun san haka. Kafin ki biya ko sisi, ki tambaya: wa ke koyarwa, ya taɓa aiki a ɗakin karatu? Akwai aikin hannu da wani zai duba ya gyara miki, ko bidiyo ne kawai za ki yi ta kallo? Jami'arku tana lissafa takardar shaidarsa a wajen ƙarin girma? Wannan ta ƙarshen a ofishin kula da ma'aikata za ki tambaye ta, kada ki dogara da abin da masu kwas ɗin suka rubuta. Idan kwas ɗin ya yi alkawarin koya miki komai da komai, daga zanen shafin intanet zuwa ƙirƙirarriyar basira, ki bar shi. Kin riga kin ga abin da satifiket marar aiki yake haifarwa, akwai ɗaya a durowarki.

Abin da kike buƙata a shekarar farko akwai shi kyauta. Koha tana da cikakken littafin jagora a intanet. Wata ƙungiya mai suna Library Carpentry tana da darussa da aka rubuta musamman domin ma'aikatan laburare waɗanda ba su taɓa karatun kwamfuta ba. Idan jami'arku tana cikin ƙasashen da ke cin gajiyar Research4Life, shirin buɗe wa ƙasashe masu tasowa mujallun bincike wanda ya faro da Hinari na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2002, su ma suna da darussan neman maƙaloli da koyar da masu bincike. Amma kada ki rungumi duka. Fagen ya yi faɗi, wanda ya ce sai ya iya kowane abu zai ƙare bai riƙe ko ɗaya ba. Ki zaɓi hanyar da ta taso daga inda kike tsaye, kuma a ganina taki a bayyane take: tsara bayanai da tsabtace su.

Ga dalilina. Duk ɗakin karatun da ya kwashe bayanansa daga kati ko daga tsohuwar manhaja zuwa sabuwa, yana kwasowa da datti. Marubuci ɗaya sai ya fito da suna iri huɗu, littafi ɗaya ya shiga sau uku, maudu'i ya rabu gida biyu saboda bambancin harafi ɗaya. Ɗalibi ya nema ya ga littafi biyu alhali akwai tara a kan kanta. Wannan ɓarna ba mai ganinta sai wanda ya san yadda katalog mai kyau yake. Akwai kayan aiki na kyauta domin wannan: MarcEdit, wadda Terry Reese ya rubuta, tana gyara dubban bayanan MARC a lokaci ɗaya, OpenRefine kuma tana tattaro sunayen da suka yi kama da juna ta jera miki su, ke ki yanke hukuncin ko mutum ɗaya ne ko mutum biyu. Na'ura ba ta iya wannan hukuncin, ke ce za ki yi. Ki ɗauki sashe ɗaya, ko na tsangaya ɗaya, ki ƙirga kurakuran da kika tarar, ki gyara a kan kwafi tare da mai kula da manhajar, ki ƙirga abin da ya rage. Daga nan hanya a buɗe take zuwa taskar kundayen bincike ta jami'a. Da yawa daga cikin irin waɗannan taskoki a kan manhajar DSpace suke, wadda jami'ar MIT ta Amurka da kamfanin HP suka fitar a 2002, kuma bayanan da ake cikawa a cikinta sun ginu ne a kan tsarin Dublin Core, mai ginshiƙai 15 kacal. Wadda ta sha MARC mai ɗaruruwan akwatuna, 15 ba za su gagare ta ba. Kundayen digiri da ake lodawa ba tare da maudu'i mai kyau ko sunan da aka daidaita ba, kamar an zuba su a rijiya ne.

Ko a maganar ƙirƙirarriyar basira da ta cika bakin kowa tun fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022, kina da wurin tsayawa. Irin waɗannan manhajoji sukan ƙago madogarar da babu ita, da sunan marubuci na gaske da mujalla ta gaske, amma maƙalar ba a taɓa rubuta ta ba. Ɗalibi yana buƙatar wanda zai nuna masa yadda ake bin lambar DOI, wato lambar shaidar maƙala a intanet, a tabbatar, da yadda ake duba mujalla a DOAJ, jerin mujallun da aka tantance masu buɗe wa kowa karatu kyauta, kafin a miƙa mata kuɗi da wahalar shekaru. Ɗabi'ar nan ta mai katalog, ta ƙin yarda da bayani sai an ga shafin farko na littafi da ido, ita ake nema a nan. Amma wannan na gaba ne, kada ki sa shi a kanki yanzu.

Game da ƙarin girma, ba zan yi miki alkawarin abin da ba ya hannuna ba. Wanda ya wuce ya wuce, kuma a jami'o'i da yawa ana neman ma'aikacin laburare da rubuce-rubuce da takardun digiri kamar yadda ake neman malami, iya manhaja kaɗai ba ya wadatarwa. Ki karɓi ƙa'idojin a rubuce ki san ainihin abin da ake ƙirgawa. Ki buɗe fayil ki riƙa ajiye shaidar duk abin da kika koya da abin da kika yi da shi, da kwanan wata da adadi. Aikin tsabtace katalog da na ambata, idan kika riƙe alƙalumansa da kyau, maƙala ce a kwance wadda za ki iya gabatarwa a taron ƙungiyarku ta ma'aikatan laburare, ke da yaron ku sa sunayenku tare. Shi ya samu rubutu, ke kin samu, ɗakin karatu ya samu katalog mai tsabta.

Ritaya kuwa haƙƙinki ce, kuma idan bayan wata shida kin iya aikin, kin zauna da ɗalibai ba fargaba, amma har yanzu zuciyarki tana son hutu ko wani abin daban, ki tafi da kanki a sama, ba mai zarginki. Abin da ba na so shi ne ki rufe shekara 21 na aikin kirki da gudu daga wani shafin kwamfuta, ki je gida abin yana cin ki.

Gobe da safe, kafin ki ɗauki biro, ki duba tarin littattafan da ke jiran ki, ki zaro mafi sauƙi a cikinsu, mai marubuci ɗaya, juzu'i ɗaya, da ISBN a bayansa. Ki kira yaron, ki ja masa kujera a gefenki, ki buɗe Koha da sunanki da kalmar sirrinki. Idan kin manta kalmar sirrin, wannan ce tambayar farko da za ki yi. In kin samu ɗalibar nan kun zauna, ki sake rubuto mini, ina so in ji yadda kuka ƙare. Allah ya dafa miki.